Kujerar da ba ta girgiza: yadda wasu 'yan majalisar Amurka ke cin zaɓe tun kafin a buɗe rumfa

Wanda ya bi labarin zaɓen Amurka na watan Nuwamban 2024 ya ji an ce jam'iyyar Rifablikan ta riƙe Majalisar Wakilai da kujeru 220, Dimokrat kuma ta tashi da 215. Da jin wannan tazara 'yar ƙarama, mutum zai ɗauka an yi kare jini biri jini a kowace mazaɓa. Amma a mazaɓa ta 5 ta jihar Kentucky, can cikin duwatsun gabashin jihar, Hal Rogers ya koma kujerarsa karo na 23 ba tare da jam'iyyar Dimokrat ta tsayar da kowa a gabansa ba. An fara zaɓensa a 1980, ranar da aka zaɓi Ronald Reagan shugaban ƙasa, kuma ya cika shekara 87 a ranar ƙarshe ta 2024.

Wannan shi ne abin da ke ɗaure wa mutane da yawa kai. Ƙasar da ake zaɓen 'yan Majalisar Wakilai duk bayan shekara biyu, ƙasar da jama'arta ke yawan kuka da majalisar, ta yaya mutum ɗaya zai shafe sama da shekara arba'in a kujera guda? Maguɗi ne? Kuɗi ne? Ko kuwa mutanensa ne ke sonsa haka? Amsar tana da rassa da yawa, kuma mazaɓar Rogers wuri ne mai kyau na warware su ɗaya bayan ɗaya.

Kalmomin da ya kamata a fara fahimta

Majalisar Wakilan Amurka tana da kujeru 435, adadin da wata doka ta 1929 ta tsayar. Duk bayan shekara goma ana ƙidayar jama'a, a raba kujerun tsakanin jihohi 50 gwargwadon yawan mutanensu, kowace jiha kuma ta yanka ƙasarta zuwa mazaɓu. Bayan ƙidayar 2020, kowace mazaɓa tana ɗauke da mutum kusan 760,000. Kentucky tana da shida. A mafi yawan jihohi, wanda ya fi yawan ƙuri'a a mazaɓa shi ke ɗaukar kujerar gaba ɗaya, ko da ƙuri'a ɗaya ya fi. Wanda ya zo na biyu ba ya tashi da komai, ko da kashi 49 cikin ɗari ya samu.

Tsarin mulki bai gindaya wa ɗan takara sharuɗɗa masu yawa ba: ya kai shekara 25, ya yi shekara bakwai yana ɗan ƙasa, ya kasance mazaunin jihar. Bai faɗi sau nawa za a iya zaɓen mutum ba, bai kuma sa shekarun ritaya ba. Shugaban ƙasa ne kaɗai aka yi wa iyakar wa'adi biyu, da gyaran tsarin mulki na 1951.

Ana zuwa kujerar ta matakai biyu. Na farko zaɓen fid da gwani, wanda a can hukumomin jiha ne ke gudanar da shi, masu zaɓe na gama-gari kuma ke jefa ƙuri'a, ba wakilan jam'iyya 'yan ƙalilan a ɗakin taro ba. Na biyu babban zaɓe a watan Nuwamba. Mazaɓar da ake kira amintacciyar kujera ita ce wadda jam'iyya ɗaya ta yi wa ɗayar nisan da babu mai tsammanin sakamakon Nuwamba zai sauya, ko wa aka tsayar. Da Hausa sai mu ce tungar jam'iyya. Masu hasashen zaɓe suna auna wannan ne ta hanyar duba yadda mazaɓar ta jefa ƙuri'a a zaɓukan shugaban ƙasa na baya, su kwatanta da ƙasa baki ɗaya. A lissafinsu, kujerun da ake fafatawa da gaske a kowane zaɓe ba su wuce 'yan gomomi ba cikin 435. Sauran duk an san inda za su faɗa.

Akwai abu biyu da ake yawan cakuɗawa, alhali ba ɗaya suke ba. Ƙarfin jam'iyya a mazaɓa daban, ƙarfin ɗan majalisa mai ci daban. Na farko yana kare kujerar daga ɗayar jam'iyyar. Na biyu yana kare mutumin daga 'yan jam'iyyarsa. Idan suka haɗu a wuri ɗaya, shi ne ake samun irin Rogers.

Yadda gabashin Kentucky ya zama tunga

Mazaɓar Rogers ba haka take ba tun fil azal. Tsohuwar mazaɓa ta 5, wadda ta ƙunshi garinsa Somerset da kewaye, ta Rifablikan ce tun zamanin yaƙin basasar Amurka, domin mutanen yankin sun goyi bayan haɗin kan ƙasa, wato ɓangaren Abraham Lincoln. Amma gundumomin da ke can gabas, inda ake haƙar kwal, na Dimokrat ne tsantsa. Ƙungiyar ƙwadagon mahaƙa kwal ce ta ɗaure su da jam'iyyar tun zamanin Shugaba Franklin Roosevelt. Suna da tasu mazaɓar, ta 7, da nasu ɗan majalisar da ya daɗe, Carl Perkins, wanda ya riƙe kujerar daga 1949 har rasuwarsa a 1984.

Ƙidayar 1990 ta rage wa Kentucky kujera ɗaya, daga bakwai zuwa shida. Aka rushe mazaɓa ta 7, aka haɗa yawancin gundumominta da ta Rogers. A zaɓen 1992 ya sha da kyar, da kusan kashi 55 cikin ɗari, kuma wannan shi ne zaɓe mafi tsanani da ya taɓa fuskanta. Daga nan tazarar ta yi ta buɗewa. A 2020 da 2022 ya haura kashi 80.

Me ya sauya a tsakani? Mutanen ne suka sauya sheƙa. Aikin kwal ya yi ta ja da baya, da farko saboda injuna sun maye gurbin hannu, daga baya saboda iskar gas mai araha ta ƙwace kasuwar tashoshin lantarki. Cikin 'yan shekaru bayan 2011, masu aikin kwal a gabashin jihar sun ragu da fiye da rabi. Ƙungiyar ƙwadago ta rasa ƙarfinta, igiyar da ta ɗaure yankin da Dimokrat ta tsinke. A lokaci guda jam'iyyar a matakin ƙasa ta ƙara karkata ga dokokin kare muhalli, waɗanda mutanen yankin da yawa suka fassara a matsayin yaƙi da abincinsu, ta kuma ɗauki matsayi kan zubar da ciki da mallakar bindiga da ya saɓa wa na masu zuwa coci a ƙauyukan duwatsu. Gundumar Elliott ta isa misali: tun ƙarni na 19 ba ta taɓa zaɓen ɗan takarar shugaban ƙasa na Rifablikan ba, sai a 2016 da ta koma ga Donald Trump. A 2020 Trump ya samu kusan kashi 80 na ƙuri'un mazaɓar.

Irin wannan rarrabuwa ta faru a ƙasar baki ɗaya. Karkara ta koma Rifablikan, tsakiyar manyan birane ta koma Dimokrat, masu zaɓe kuma suka daina raba ƙuri'a, wato su zaɓi shugaban ƙasa daga wannan jam'iyya, ɗan majalisa daga waccan. A shekarun 1970 da 1980 mazaɓun da ke raba ƙuri'a haka sukan haura ɗari a zaɓe guda. A 2024 guda 16 ne kacal: 'yan Dimokrat 13 a mazaɓun da Trump ya ci, 'yan Rifablikan uku a waɗanda Kamala Harris ta ci.

Abin da kujera ke ba wanda ke kanta

Ko a zamanin da jam'iyya ba ta yi wannan ƙarfin ba, ɗan majalisa mai ci yana da rinjaye. A mafi yawan zaɓuka, sama da kashi 90 cikin ɗari na 'yan Majalisar Wakilan da suka sake tsayawa suna komawa. Ko a 2010, shekarar da guguwa ta yi awon gaba da 'yan Dimokrat da yawa, kusan kashi 85 sun tsira. A Nuwamban 2013 kamfanin jin ra'ayi na Gallup ya samu kashi 9 ne kawai na Amurkawa ke yaba aikin majalisa, amma a zaɓen shekarar da ta biyo baya kusan duk masu ci suka koma. Masanin siyasa Richard Fenno ya daɗe da lura da wannan: mutane suna ƙin majalisa, amma suna son nasu ɗan majalisar.

Dalili na farko aikin ofis ne. Gwamnati na biyan kowane ɗan majalisa albashin dala 174,000 a shekara, ta kuma ba shi kuɗin ɗaukar ma'aikata har 18 na dindindin, da ofisoshi a mazaɓa, da damar aika wa jama'arsa wasiƙu ba tare da ya biya daga aljihunsa ba. Kaso mai yawa na waɗannan ma'aikata ba dokoki suke rubutawa ba. Aikinsu bin takardun mutane ne: tsohon soja da aka riƙe wa haƙƙinsa, tsohuwar da kuɗin fanshonta ya maƙale, mahaƙin kwal da ƙura ta lalata wa huhu yana neman diyya. Wanda ofishin ɗan majalisa ya warware wa irin wannan matsala ba ya mantawa, iyalinsa ma haka. Lissafa wannan sau shekara arba'in, za ka ga da wuya a sami zuri'ar da ba ta taɓa cin moriyarsa ba.

Na biyu kuɗin kamfe. Kamfanoni da ƙungiyoyin da ke ba da gudummawa suna son kuɗinsu ya je wurin wanda zai yi nasara, don haka suna zuba wa mai ci. Shi kuma da yake ba ya buƙatar kashe su a gida, sai ya tara, ko ya miƙa wa jam'iyya da abokansa da ke mazaɓun da ake fafatawa, abin da ke ƙara masa daraja a wurin shugabanni idan an zo rabon kwamitoci. Asusun da ya cika yana da wani amfani kuma: yana tsorata masu niyya. Ɗan majalisar jiha mai farin jini ko alƙalin gunduma da zai iya yin takara mai ma'ana yakan duba ya ga asarar kuɗi da suna ce, sai ya haƙura ya jira ranar da kujerar za ta zama babu kowa. Waɗanda ke fitowa galibi sababbin shiga ne marasa kuɗi, wani lokacin ma babu mai fitowa, kamar 2024.

Na uku, kuma mafi nauyi a labarin Rogers, shi ne daɗewa. A majalisar Amurka tsufa a kujera yana buɗe ƙofar manyan kwamitoci. Rogers ya shugabanci kwamitin rabon kuɗin gwamnati daga 2011 zuwa 2017, kwamitin da kowace dala ta ma'aikatun tarayya ke bi ta hannunsa a kasafin shekara. Tun kafin nan ya yi suna wajen cusa ayyukan yankinsa cikin kasafi, irin abin da mai karatu a Najeriya ya sani da ayyukan mazaɓu, har masu suka suka laƙaba masa sunan da ke nufin yariman rabon ganima. Hanyoyi, ruwan famfo, shingayen ambaliya, cibiyar raya karkara a Somerset, gidajen yarin tarayya a Manchester da Inez da gundumar McCreary waɗanda aka kawo da sunan samar da aikin yi, shirin yaƙi da shaye-shaye da ya kafa a 2003. A wannan shekarar ce aka sauya wa wata babbar hanya suna daga Daniel Boone, gwarzon tarihin jihar, zuwa Hal Rogers. Abin ban sha'awa, a 2011, daidai lokacin da ya hau shugabancin kwamitin, majalisa ta dakatar da irin waɗannan ayyukan cusawa. An dawo da su a 2021 da sabon suna da sharaɗin a bayyana wanda ya nemi kowane aiki.

Tun rasuwar Don Young na Alaska a Maris 2022, Rogers ne ake ɗauka a matsayin wanda ya fi kowa daɗewa a zauren, matsayin da ke ba shi aikin rantsar da sabon kakakin majalisa. Duk da haka bai kamo John Dingell na Michigan ba, wanda ya yi shekara 59, daga 1955 zuwa 2015. Dingell ya gaji mahaifinsa ne, matarsa Debbie kuma ta gaje shi.

Ina laifin taswira ya tsaya?

Da zarar an ambaci amintattun kujeru, abin da ake fara ɗora wa laifi shi ne yankan mazaɓu na son rai. A yawancin jihohi majalisar dokokin jiha ce ke zana taswirar, don haka jam'iyya mai rinjaye tana iya zana ta yadda zai amfane ta. Dabarar iri biyu ce: a cusa magoya bayan abokin hamayya cikin mazaɓa ɗaya su ci ta da rinjayen da ya wuce buƙata, ko a tarwatsa su cikin mazaɓu da yawa yadda ba za su yi rinjaye a ko'ina ba. Al'adar ta tsufa. Sunan da Turawa ke kiranta da shi ya samo asali ne daga Elbridge Gerry, gwamnan Massachusetts, wanda a 1812 ya sa hannu kan taswirar da wata mazaɓarta ta yi kama da ƙadangare. Kotun Ƙoli ta wajabta a 1964 cewa mazaɓun jiha su yi daidai a yawan jama'a, amma a 2019 ta yanke cewa kotunan tarayya ba su da hurumin shiga ƙorafin yanka don amfanin jam'iyya.

Wannan matsala ce ta gaske a jihohi kamar Texas da North Carolina, inda Rifablikan ke zanawa, da Illinois da Maryland, inda Dimokrat ke yi. Amma ba ta bayyana Rogers ba. Duk yadda aka juya alƙalami a gabashin Kentucky, babu tarin 'yan Dimokrat da za a haɗa su zama rinjaye. Haka abin yake a tsakiyar birnin New York ko San Francisco ta ɗaya ɓangaren. Masana sun rabu kan nauyin kowane dalili, amma da yawansu suna ganin inda mutane suka zaɓi zama, da yadda suka manne wa jam'iyya ɗaya, sun haifar da amintattun kujeru fiye da alƙalamin masu zane. Shi ya sa jihohin da suka miƙa zanen ga hukuma mai zaman kanta, kamar Arizona da Michigan, suka ƙara samun 'yan kujerun fafatawa, amma ba su rabu da tungaye ba.

Akwai wata 'yar shaida da ke nuna ba a rufe yankin ruf ba. Gwamnan Kentucky, Andy Beshear, ɗan Dimokrat ne, kuma a 2023 ya ci wasu gundumomin gabas da Trump ya lashe da gagarumin rinjaye, bayan rawar da ya taka a ambaliyar Yulin 2022 da ta kashe sama da mutum 40. Masu zaɓen suna iya ba ɗan Dimokrat gidan gwamnati. Abin da ba sa yarda su ba shi shi ne ƙuri'ar da za ta taimaka wa jam'iyyarsa ta riƙe majalisa a Washington.

Ƙofar da ta rage

Idan Nuwamba ba ta da haɗari, to haɗarin yana zaɓen fid da gwani. Nan ne kaɗai ake iya kayar da irin waɗannan mutane, kuma mutane kaɗan ne ke fita.

A ranar 10 ga Yunin 2014, Eric Cantor, jagoran masu rinjaye kuma mutum na biyu a Rifablikan ɗin majalisar, ya faɗi a mazaɓarsa ta Virginia a hannun Dave Brat, malamin tattalin arziki a wata ƙaramar kwaleji. Cantor ya kashe sama da dala miliyan biyar, Brat kusan dubu ɗari biyu. Ba a taɓa kayar da mai riƙe da wannan muƙami a zaɓen fid da gwani ba sai ranar. Shekara huɗu bayan haka, a ranar 26 ga Yunin 2018, abin ya faɗa wa Dimokrat. Joe Crowley yana majalisa tun 1999, yana cikin manyan shugabannin jam'iyyarsa, ana ma ambatonsa cikin masu iya zama kakaki, kuma rabonsa da fuskantar ɗan jam'iyyarsa a akwati tun 2004. Alexandria Ocasio-Cortez, mai shekara 28, ta kayar da shi da tazarar ƙuri'a kusan 4,000. Duka ƙuri'un da aka jefa ba su kai 30,000 ba, a mazaɓar da ke da mutum sama da 700,000. Ɗan hakin da ka raina, in ji Bahaushe, shi ke tsone maka ido.

Zargin da aka yi wa mutanen biyu iri ɗaya ne: sun tare a Washington, sun manta da gida. A wajen Crowley akwai ƙarin cewa mazaɓar ta sauya fuska, yawancin mazaunanta yanzu 'yan asalin Latin Amurka ne da Asiya da baƙar fata. Amma kada waɗannan labarai biyu su ruɗi mai karatu. Ana tuna su ne saboda ba kasafai suke faruwa ba. A yawancin shekaru, masu ci da ke faɗuwa a fid da gwani ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Tasirinsu ya fi yawa a zukatan waɗanda ba su faɗi ba. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, yakan shafa wa nasa ruwa. Ɗan majalisar da ke amintacciyar kujera ya san masu iya raba shi da ita su ne 'yan a-mutun jam'iyyarsa da ke fita fid da gwani, don haka sasantawa da ɗayar jam'iyyar ta fi zama masa haɗari fiye da taurin kai. Wannan na cikin abubuwan da ake dangantawa da yawan cijewar kasafi da rufe ma'aikatun gwamnati, ko da yake wasu masana na ganin ana zuzuta rawar fid da gwani a ciki.

Masu cewa a bar su, masu cewa a yi musu wa'adi

Masu kare tsarin suna da hujjoji masu nauyi. Sun ce babu wanda ya hana kowa takara, babu wanda ya hana kowa ƙuri'a, kuma mutumin da ya ci kashi 80 yana wakiltar ra'ayin mutanensa fiye da wanda ya ci da kashi 51 ya bar kusan rabi suna jin haushi. Sun ce kasafin tarayya da dokokin haraji abubuwa ne da ake shekaru kafin a gane kansu, kuma majalisar da ta cika da sababbi za ta dogara ne ga ma'aikatan gwamnati da 'yan kamashon kamfanoni, waɗanda babu wanda ya zaɓe su. Da tsohuwar zuma ake magani. Ga yanki matalauci kuma, daɗewar wakilinsa ita ce kaɗai hanyar da zai yi gogayya da jihohi masu kujeru da yawa.

Masu suka suna nuna wa mutane mazaɓar kanta. A Afrilun 1964 Shugaba Lyndon Johnson ya je Inez don ya nuna wa ƙasa talaucin da ya ƙaddamar da yaƙi a kansa. Shekara sittin bayan haka, mazaɓar na cikin mafi talauci a Amurka, tana fama da mace-macen ƙwayoyi da ƙaurar matasa. Suna tambaya: ina amfanin hanyoyi da gine-gine idan rayuwar mutane ba ta ɗaga ba? Magoya bayan Rogers suna amsawa cewa ba ɗan majalisa ɗaya ne ya karya kasuwar kwal ba, kuma da babu shi da abin ya fi haka muni. Babu ma'aunin da zai raba wannan gardama, domin ba a ga yadda yankin zai kasance a hannun wani ba.

Sai batun shekaru. A ƙarshen 2024 an gano cewa Kay Granger ta Texas, wadda ita ma ta shugabanci kwamitin rabon kuɗi, ta yi watanni ba ta jefa ƙuri'a a zaure ba, tana zaune a gidan kula da tsofaffi. Irin wannan ke ƙara wa masu neman iyakar wa'adi ƙarfi, kuma suna da jama'a: binciken cibiyar Pew na 2023 ya nuna kashi 87 na Amurkawa suna goyon baya. Hanyar ce a toshe. A 1995 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce jihohi ba su da ikon yi wa 'yan majalisar tarayya wa'adi, sai dai a gyara tsarin mulki. Gyaran yana buƙatar kashi biyu cikin uku na kowane zaure da amincewar jihohi 38. A 1995 ɗin an gwada a Majalisar Wakilai, aka samu 227 da 204, ƙasa da abin da ake buƙata. Waɗanda ake so su sa hannu su ne waɗanda dokar za ta kora. Abin da Rifablikan suka iya yi shi ne taƙaita shugabancin kwamiti zuwa shekara shida, kuma wannan ƙa'idar ce ta sauke Rogers a 2017.

Wasu jihohi sun bi ta sauya fid da gwanin. A California duk 'yan takara suna shiga akwati ɗaya, biyun farko su je Nuwamba ko da jam'iyyarsu ɗaya. A 2012, karon farko da aka yi amfani da tsarin a babban zaɓe, Pete Stark da ya yi shekara 40 a majalisa ya faɗi a hannun matashin ɗan jam'iyyarsa, Eric Swalwell. Shugabannin jam'iyyu suna ƙorafin cewa tsarin yana raba su da ikon zaɓar wanda zai ɗauki tutarsu, ƙananan jam'iyyu kuma suna cewa yana share su daga takardar Nuwamba.

Abin da ya shafi mutumin ƙasa

Ga mazaunin irin wannan mazaɓa, riba da asara suna tafe tare. Yana da ofishin da ya san hanyar kowace ma'aikata, yana da wakilin da ake ɗaga wa waya. Amma babu muhawarar 'yan takara, babu kuɗin jam'iyyu da ke shigowa don neman ƙuri'arsa, kuma babu ranar da aka tilasta wa wakilin ya kare yadda ya jefa ƙuri'a. A 2017 Rogers ya goyi bayan ƙudirin soke babban ɓangare na dokar lafiya ta Obama, alhali mazaɓarsa na cikin waɗanda suka fi dogara da inshorar lafiyar marasa galihu da dokar ta faɗaɗa. Masu suka sun ce ya juya wa mutanensa baya, shi da magoya bayansa suka ce tsarin ya yi tsada kuma ba zai ɗore ba. A zaɓen 2018 tambayar ba ta girgiza shi ba.

Tasirin ba ya tsayawa a Kentucky. Daga 2017 zuwa 2019 Rogers ne ya shugabanci ƙaramin kwamitin da ke rubuta kasafin ma'aikatar harkokin waje da tallafin ƙasashen ƙetare, wanda kuɗin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da cutar ƙanjamau a Afirka ke bi ta cikinsa. Manyan kwamitoci galibi suna hannun 'yan amintattun kujeru ne, don su ne ke daɗewa har layi ya zo kansu. A nan tsarin ya sha bamban da na Najeriya, duk da cewa daga Amurka aka aro tsarin mulki irin na shugaban ƙasa a 1979: a Abuja fiye da rabin 'yan Majalisar Wakilai 360 sukan zama sababbi bayan kowane zaɓe, da yawansu kuma tun a fid da gwani ake sauke su.

Ranar da kujerar mazaɓa ta 5 za ta zama babu kowa, ko ta ritaya ko ta rasuwa, gwamna ba shi da ikon naɗa wani. Tsarin mulki ya ce gurbin Majalisar Wakilai da zaɓe kawai ake cike shi. Idan a ƙarshen wa'adi ne, za a yanke hukuncin a fid da gwanin Rifablikan na watan Mayu, inda mai yiwuwa mutum da yawa da suka yi shekaru suna jira za su fito lokaci guda, wanda ya fi ƙuri'a kuma ya wuce ko bai kai rabi ba. Fid da gwanin Kentucky na 'yan jam'iyya ne kawai. A gundumomin kwal har yanzu akwai dubban mutane da katin rajistarsu ke cewa Dimokrat, gadon iyaye da kakanni, ko da yake Rifablikan suke zaɓa a Nuwamba. Duk wanda bai sauya rajistarsa kafin ranar 31 ga Disamba ta shekarar da ta gabata ba, ba zai shiga wannan rumfar ba.